Yadda muka zaɓa wa Yaya hostin, muka kuma tashi kafin wata ya cika

Saƙon murya ta turo min, minti huɗu da ɗoriya, kuma duk wanda ya san Yaya ya san in ta kai minti huɗu to maganar kuɗi ce. Taƙaicensa dai: "Auta na gaji, webisait nake so, wani yaro ya ce zai min komai da komai, ga lissafinsa nan na turo maka, ka duba min kar a cuce ni."

Sana'arta jakunkuna ne da takalman mata, ita da yara biyu masu taya ta, ɗaya tana ɗaukar hoto ɗaya tana haɗa kaya. Ta daɗe tana yi, duk ta WhatsApp da Instagram, kuma ba wai ciniki ne babu ba, akwai alhamdulillahi, abin da ya ishe ta shi ne kullum sai an samu mutum goma sun ce turo min abin da kike da shi, ta zauna ta tura hoto talatin talatin, wata ta gama kallo ta ce sai ta yi shawara, gobe wata ta zo a sake daga farko, waya ta cika, kayan da ya ƙare tun makon jiya har yanzu ana tambayarsa. Ita dai so take ta samu linki ɗaya da za ta miƙa wa mutum ya je ya gani da kansa, in ya yi masa ya yi oda.

Na buɗe lissafin yaron. Layi ɗaya ne tal: webisait, domen, hostin ba iyaka, imel, duka a dunƙule kuɗi kaza. Ba sunan kamfanin hostin ɗin, ba maganar shekara mai zuwa. Na ce mata Yaya tambaye shi abu biyu kawai, da sunan wa za a yi rajistar domen ɗin, kuma wa zai riƙe fasword na hostin. Amsar da ya bayar ita ta turo min sikirinshot: "Hajiya ki bar wannan a hannuna, ba sai kin wahalar da kanki ba, duk kwastomomina a akawun ɗina suke."

Ban ce yaron mugu ba ne, wallahi yawancinsu ba da mugunta suke yi ba, sauƙi suke nema. Amma ka duba abin da kyau. Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira webisait. Domen shi ne sunan, abin da mutum zai rubuta a burauza, haya ake yinsa shekara shekara, kuma wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi a idon kamfanin rajista, ko wa ya biya kuɗin. Hostin kuma wuri ne a kan wata babbar kwamfuta da ake ce wa saba, wadda ba ta kwana, nan fayilolinka suke zaune. Sai shafin kansa, hotuna da rubutu da databes, wato ma'ajiyar bayanan kaya da oda. In duk ukun suna hannun mutum ɗaya wanda ba kai ba, to ranar da kuka saɓa ko ya canja layi ko ya samu wani aiki ya daina ɗaga waya, sunan da ka buga a leda da kati da kwali ya tafi da shi. Na gaya mata haka, ta yi shiru, sai ta ce "to kai ka yi min mana, ina amfanin karatun naka." Haka na tsinci kaina a ciki.

Abu na farko da muka yi bai ma shafi hostin ba. Mun je kamfanin rajistar domen daban, muka buɗe akawun da sunanta, da imel ɗinta, lambar tabbatarwa tana zuwa wayarta, muka sayi sunan. A lokacin har ta yi mita wai ga wasu can suna ba da domen kyauta in ka sayi hostin, me ya sa za mu biya. Na ce ki bari dai. Ban san cewa kafin sati huɗu wannan ne zai cece mu ba, na yi ne kawai don na saba raba su.

Sai aunawa. Mutane da yawa nan suke tsallakewa, su tafi kai tsaye neman wane kamfani ne ya fi, alhali ba su san nauyin kayansu ba. Na ce ta ƙirga min. Kaya kala 120 take da su a lokacin, kowanne tana so a sa masa hoto huɗu, gaba da baya da ciki da kuma a hannu, hoto 480 ke nan. Hoton wayarta kowanne yana kai 4MB, in an ɗora su haka ɗanye kusan 2GB, kuma duk wadda ta buɗe shafi sai datarta ta yi kuka. Da muka rage girmansu muka mayar da su WebP, wani nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, kowanne ya dawo wajen 150KB, duka gaba ɗaya 72MB, ko kashi ɗaya cikin ashirin bai kai ba. Kaga ashe maganar wuri ba ita ce matsala ba, mafi ƙanƙantar tsari ma ya ishe ta. Abin da mutane ba su lura da shi shi ne yawan fayil, don WordPress, manhajar da za mu gina shafin da ita, in ka ɗora hoto ɗaya sai ya yanka shi girma girma, ƙarami da matsakaici da babba, WooCommerce, wato ɓangaren shagon, shi ma ya ƙara nasa, hoto ɗaya ya zama fayil bakwai ko takwas, to 480 ɗin nan sun tasam ma 4,000, ga na WordPress ɗin kansa dubbai, ga kowane imel da ke zaune a akwati shi ma fayil ne. Kamfanonin hostin suna ƙirga wannan, inod suke ce masa, kuma ko tsarin da aka rubuta ba iyaka yana da iyakar inod a cikin sharuɗɗa.

Na ɗan tsaya a kan ko ma WordPress ɗin ya kamata. Akwai Shopify, akwai Wix, akwai Squarespace, waɗannan ba ruwanka da hostin, su ne gidan su ne ginin, kana biya wata wata kana ɗora kaya. Ga wanda ba shi da kowa da zai duba masa, gaskiya ni ban ga laifinsu ba, har na gaya mata. Inda suka bambanta shi ne ranar tashi: a Shopify za ka iya fitar da jerin kayanka da na kwastomomi a fayil, amma ginin shafin ba ya bin ka, shafin Wix ma a kan Wix yake aiki, ba a ɗaukarsa a kai wani hostin. WordPress kuwa tun 2003 yake, kyauta ne, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, WooCommerce da ke mayar da shi shago ya fito a 2011, Automattic ta saye shi a 2015, ma'ana ko ni na ɓace gobe ba za ta rasa wanda ya iya shi ba. Da wannan muka tsaya a kansa.

Irin hostin kuma, wani abokina ya dage wai VPS za mu ɗauka, hostin na haɗaka na yara ne. Na haɗaka kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, saba ɗaya shafuka ɗaruruwa, kowa da ɗakinsa amma famfo ɗaya mita ɗaya, mai gida ne ke gyara. VPS kuma an yanka maka ɓangarenka, RAM ɗinka, wato ƙwaƙwalwar aiki ta sabar, naka ne, sai dai in ba ka biya na kulawa ba to kai ne mai gadi kai ne mai gyaran wuta, kai za ka sabunta saba, kai za ka toshe ƙofofi, in ta faɗi ƙarfe biyun dare kai za a kira. Na tambayi kaina tsakani da Allah zan yi wannan wa Yaya kyauta har shekara nawa, na ga ba zan iya ba. Shago mai kaya 120 da bai ma buɗe ba, na haɗaka ya ishe shi, in dai an zaɓi mai kyau. Wannan "in dai" ɗin ne ya zo ya ci mu.

Kamfani uku na ware, ba zan kama suna ba, mu ce na ɗaya da na biyu da na uku.

Na ɗaya shi ne mai arha, shi ne kuma mai manyan haruffa: wuri ba iyaka, maziyarta ba iyaka, imel ba iyaka. Farashin da suka rubuta ƙato a gaba sai ka biya shekara uku a dunƙule kake samunsa, kuma a ƙasa da ƙananan haruffa masu launin toka an rubuta kuɗin sabuntawa, kusan ninki uku. Na biyu ya fi shi tsada a shekarar farko amma kuɗin sabuntawarsa kusan ɗaya ne da na shiga, kuma bai ce ba iyaka ba, ya rubuta komai a fili, wuri kaza, RAM kaza, inod kaza. Na uku na fitar da shi da wuri saboda abu biyu. Ɗaya, sayar da SSL suke yi daban, wato takardar da ke sa adireshi ya zama https. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt tun ƙarshen 2015 take ba da wannan kyauta, ta kwana 90 mai sabunta kanta, kuma tun Yulin 2018 Chrome yake yi wa duk shafin da ba shi da ita tambarin cewa ba shi da tsaro, to kamfanin da zai tsare ka a kan wannan sai ka biya, ka san irin zaman da za ku yi. Biyu, da na tambaye su wane PHP suke bayarwa, wato yaren da WordPress ke gudana da shi, sai suka ce 7.4, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Na rufe shafinsu.

Saura biyu. Dukkansu sun rubuta 99.9% na lokacin aiki, Yaya ta ce ai wannan ɗari bisa ɗari ne. Na ce mu lissafa. Shekara awa 8,760 ce, kashi 0.1 cikin ɗari nata awa 8 da minti 45 da ɗoriya, wato wajen minti 43 a wata shafinki zai iya kwanciya ba su saɓa alkawari ba. Da 99% ne kawai, kwana uku da rabi ne da ɗoriya a shekara. Kuma in sun wuce hakan abin da yawanci suke bayarwa shi ne ɗan ragin kuɗin hostin, ba cinikin da ya wuce ki ba. Don haka ni wannan lambar ban ɗora mata nauyi ba, kowa yana rubuta ta.

Inda sabar take ya fi damuna. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, in sabar tana nesa da mai saye da kilomita 10,000, zuwa da dawowa milisakan 100 ne mafi ƙaranci, kuma kafin shafi ya fara bayyana sai an yi irin wannan kai-komon sau uku ko huɗu, gaisuwar haɗi daban ta tsaro daban, kafin ma a zo kan hotuna. Cloudflare yana rage wannan, yana ajiye hotuna a wurare kusa da mutane kuma yana da tsari na kyauta, amma kwandon saye da shafin biya dole sai an koma wa sabar asali tunda na kowa daban ne. Na biyu yana barin ka zaɓi inda sabarka za ta zauna, na ɗaya wuri ɗaya gare shi, kuma nesa da inda yawancin masu sayenta suke.

Na kuma gwada masu amsa tambayoyinsu. Tambaya ɗaya na tura wa kowanne da daddare: in na goge databes bisa kuskure, ta yaya zan dawo da na jiya, kuma a ina kuke ajiye kwafin? Na biyu ya amsa cikin minti ashirin, mutum ne ya rubuta, ya ce kullum suke ɗauka, suna riƙe na kwanaki da dama, a wani gini daban, kuma da kaina zan iya dawo da shi daga dashbod. Na ɗaya sai da safe, kuma linki suka manno min zuwa shafin sayar da ƙarin tsarin bakof, wato kwafin ajiya. Tambayar "a ina" ba don iyayi na yi ta ba. A Maris ɗin 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin hostin na OVH da ke Strasbourg a Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma akwai waɗanda ba su sake ganin bayanansu ba saboda kwafin ajiyar nasu ma a wurin yake. Babban kamfani ne fa, ba na ƙyale-ƙyale ba.

To duk da wannan binciken, na ɗaya muka ɗauka. Nan laifina ne, ba zan ɓoye ba. Yaya ta ga bambancin kuɗin shekarar farko ta ce "Auta kai fa ba kai za ka biya ba, shagon da ko oda ɗaya bai yi ba za ka sa ni kashe kuɗi haka", ni kuma na ga ƙaramin shafi ne, me zai faru. Abin da kawai na tsaya a kai shi ne ba za mu biya shekara uku ba, shekara ɗaya, kuma sai da na karanta sharaɗin mayar da kuɗi na kwana 30 na sa ranar a kalandar wayata. Wajen biya ma sai da na cire alamar da suka riga suka saka a kan wasu ƙarin abubuwa uku da ba mu nema ba, ɗaya kuma ya wuce min ban gani ba, wani wai na tsaron shafi.

Sati biyu muna gini. Tun a nan na fara jin wani iri, in na danna ajiye kaya a dashbod sai na ƙirga bakwai takwas kafin ya amsa, amma na ce ƙila netwok ɗina ne.

Ranar buɗewa da yamma ta saka linki a sitatus da duk guruf ɗin da take ciki, har da ragi na kwana ɗaya. Ina zaune kusa da ita, wayarta a hannu tana ta murmushi, oda ta farko ta shigo, ta biyu ta shigo, ta ce "ka gani ko", ba a yi minti goma sha biyar ba saƙonni suka fara zuwa, Hajiya linkin ba ya buɗewa, Anti shafin naki fari fat yake nuna min, wata ta turo hoton sikirin ɗinta, farin shafi da lamba 508 a sama. Yaya ta juyo ta kalle ni, ba ta ce komai ba, wanda ya fi min ciwo a kan a ce ta yi faɗa.

508 ɗin nan ma'anarta ka cinye rabonka. A hostin na haɗaka akwai manhajar da ke tsare kowane ɗan haya kar ya shanye sabar, tana ƙayyade masa CPU da RAM da kuma yawan buƙatun PHP da za su iya gudana a lokaci guda. Na shiga cPanel, shafin sarrafa hostin ɗin, wajen da ake ganin amfani da albarkatu, jan layi ya manne a sama, iyakarmu 10 ce a lokaci ɗaya. Ba wai mutum goma kawai za su iya kallon shafi ba, a'a, in kowace buƙata tana gamawa cikin ƙiftawar ido to goma ɗin nan za ta ɗauki jama'a da yawa, amma in kowacce tana jan sakan biyar shida kamar yadda tamu ke yi, mutum talatin ma sun isa su toshe ƙofa. Wannan lambar ba ta cikin shafin talla, tana can cikin sharuɗɗa, kuma na karanta sharuɗɗan amma idona na kan inod da mayar da kuɗi.

Rabin laifin kuma nawa ne, don ban kunna fulogin ɗin, wato ƙarin manhajar WordPress, da ke ajiye kwafin shafi ya riƙa miƙa wa mutane ba tare da an sake gina shi kowane lokaci ba, na ce sai an gama gyare-gyare, na manta. Ga wani fulogin na nuna hotuna masu zamewa da na saka don kwalliya, nauyi gare shi kamar me. A daren na kunna wancan na cire wannan, shafin ya tashi, shafukan kaya suka yi sauri sosai. Amma kwando da shafin biya, waɗanda ba a ajiye kwafinsu, suna nan da jan ƙafarsu, kuma nan ne kuɗin yake.

Kwana biyu bayan haka matsala ta biyu ta fito, wadda ta fi ta farko ban haushi don ita shiru take yi. Wata kwastoma ta kira ta ce ta biya amma ba ta ga wani saƙo ba, Yaya ma ba ta ga sanarwar odar ba sai da na shiga dashbod na gan ta zaune. Imel ɗin da shagon ke turawa wasu suna faɗawa akwatin sifam wasu ko isa ba sa yi. Dalili biyu na gano. Shafin yana tura saƙo ne kai tsaye daga sabar haɗaka, da adireshin IP, wato lambar sabar a intanet, guda ɗaya da ɗaruruwan maƙwabta, in ɗaya a cikinsu yana watsa shara to duk kun yi baƙin jini, na duba kuwa na samu adireshin a jerin waɗanda aka yi wa baƙin tambari. Sannan a DNS, wato tsarin da ke haɗa domen da sabarsa, ni ban saka SPF da DKIM ba, bayanan da ke shaida cewa wannan sabar tana da izinin tura saƙo da sunan domen ɗinka, alhali tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, mai tura saƙo kaɗan ma sai yana da aƙalla ɗaya daga ciki, masu tura dubbai a rana kuma sai sun haɗa duka har da na uku mai suna DMARC. Na gyara nawa ɓangaren. Na buɗe tikitin koke wurin kamfanin hostin a kan adireshin IP ɗin, amsar da ta zo bayan kwana ɗaya da rabi ita ce in sayi adireshi nawa ni kaɗai, ko in hau tsari na sama.

Ranar ta 23 ke nan cikin 30. Na zauna da Yaya na buɗe mata lissafi a takarda: tsari na sama a nan, da adireshin, da bakof da ba ya ciki, da kuɗin sabuntawa na baɗi, a gefe guda kuma kamfani na biyu yadda yake. Na shekara biyu in ka haɗa, na biyun ne ya fi sauƙi, kuma ba da kaɗan ba. Ta daɗe tana kallon takardar sannan ta ce "arha dai ba ta ado, tashi mu tafi, amma in shafina ya sake yin fari kai da ni ne."

Tashin bai yi wuya ba, kuma dalilin shi ne domen ɗin nan da ta yi mita a kansa. Tunda yana wani kamfani daban da sunanta, ba mu nemi izinin kowa ba, ba mu jira kowa ya sake mana komai ba. Da kyautarsu muka karɓa, dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, ta hana a ɗauke sabon domen zuwa wani kamfanin rajista sai ya yi kwana 60, eh za ka iya juya shi ya kalli wata saba ko yana hannunsu, amma ka ci gaba da zama da akawun a wurin da kake son bari, kuma a sharuɗɗansu an rubuta cewa in ka nemi a mayar maka da kuɗi sai sun cire kuɗin domen ɗin "kyauta" a cikakken farashi.

Kwana ɗaya kafin tashi na rage TTL na DNS zuwa sakan 300, wato tsawon lokacin da sauran kwamfutocin duniya ke riƙe tsohon adireshi kafin su sake tambaya, don in mun juya kar wasu su kwana suna zuwa tsohon gida. Na fitar da databes, na dunƙule foldar wp-content inda hotuna da fulogin suke, na ɗora su a sabon wuri, na gwada shafin a can ta kwamfutata kaɗai kafin kowa ya gani. Abin da ya fi buƙatar hankali a shago shi ne oda, don in wata ta saya a tsohon wuri bayan ka kwafe databes to odarta ta faɗa rami. Saboda haka ƙarfe ɗayan dare muka rufe saye, na sake kwafe databes na ƙarshe, na juya DNS, na jira SSL ya fito a sabon wuri, na yi odar gwaji da kaina, imel ya shigo wayar Yaya tana barci, ƙarar ce ma ta tashe ta. Saƙonnin shago kuma na daina barin sabar hostin ta tura su, na haɗa su da wani kamfanin tura imel daban, ko da wata rana maƙwabtan nan ma sun ɓata suna.

Kuɗin hostin sun dawo da shi bayan kwana tara. Na ƙarin abin nan na tsaro da ya wuce min wajen biya bai dawo ba, wai ba ya cikin sharaɗi, na duba kuma gaskiyarsu ne, an rubuta. Ni na biya ta wannan daga aljihuna don kar a daɗe ana tuna min.

A sabon wurin abu na farko da na yi, tun kafin in ce mata an gama, na gwada dawo da bakof. Na ƙirƙiri wani kaya na ƙarya, na jira kwafin dare ya ɗauka, na goge shi da safe, na dawo da na jiya a kwafin gwaji na shafin ba a kan na gaske ba, ya dawo. Sannan na saita wani kwafin yana tafiya Google Drive ɗinta duk sati, wanda ba ya hannun kamfanin hostin kwata-kwata. Da ta sake yin ragi bayan wata ɗaya ina kallon layin nan a cPanel, ya hau ya kai wajen rabi ya sauko.

Har yanzu akwai abin da bai kwanta min ba. Katin da ta yi rajistar domen da shi zai ƙare kafin ranar sabuntawa, kuma sabuntawa ta kai tsaye ba ta aiki da mataccen kati. Domen na .com in ya ƙare ba nan take yake tafiya ba, akwai ɗan lokacin alfarma, sai kwana 30 na fansa da tsada sosai, sai kwana 5 kafin a sake shi kowa ya iya saya, amma shafi da imel suna iya ɗaukewa tun a farkon wannan, kuma gargaɗin da suke turowa imel ne, Yaya kuwa saƙonnin da ba ta buɗe ba sun fi dubu huɗu. Na sa mata ƙararrawa a waya wata ɗaya kafin ranar, na sa a tawa, na kuma sa ta rubuta a littafin da take rubuta bashi, don shi ne kaɗai na tabbata tana buɗewa kullum. A shafin ƙarshe na littafin akwai sunan kamfanin domen, da na hostin, da imel ɗin da aka buɗe kowanne da shi, fasword ɗin kuma suna wani wuri daban da ita kaɗai ta sani.

Jiya ta kira ni wai ta ɗora sababbin jakunkuna guda shida da kanta amma shafin ya yi nauyi. Na duba, hotunan ɗanye ta saka, kowanne 5MB, ta tsallake wajen ragewa. Na ce Yaya ai na nuna miki, ta ce "ka nuna wa yarinyar da ke ɗaukar hoto dai, ni ina waya a lokacin, zo ka sake."